Baki na cewa Alhamdulillahi, zuciya na ƙorafi: yaya ake koyon godiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a nan Kano, ina da ɗan teburin atamfa da shadda a Kantin Kwari, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Duk wanda ya gaishe ni "Alhamdulillahi" nake ce masa, amma ni na san zuciyata cike take da ƙorafi, musamman tun da kaya suka yi tsada. Abokan da muka fara tare wasu sun gina gida sun sayi mota. Maiɗakina ta ce ban taɓa yaba mata ba. Yayana da ya ba ni jari kuma ba ya rabo da yi mini gori, har na fara jin nauyin gode masa. Ta yaya mutum zai koyi godiya ta gaske, kuma me ke hana ta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abubuwa huɗu ka haɗa cikin tambaya ɗaya, kowanne da inda ya samo asali. Zan fara da na farko, domin sauran a kansa suke tsaye.

Kalmar godiya ba ta yi mana ƙaranci a Kano ba. Daga ƙofar gidanka zuwa teburinka kana iya cewa "Alhamdulillahi" sau ashirin: an tambaye ka kwanan iyali, an tambaye ka sanyi, an tambaye ka kasuwa. Wannan zikiri ne, yana da lada, kada ka bari. Sai dai amsar gaisuwa ce, tana fita kafin tunani ya iso, ba ta kuma nuna wata ni'ima takamaimai. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya kasa godiya gida uku: sani, da hali, da aiki. Sani shi ne ka gane ni'imar, ka kuma gane Wanda Ya ba da ita. Hali shi ne farin cikin da sanin nan yake haifarwa a zuciya. Aiki kuwa shi ne ka sarrafa ni'imar ta hanyar da Mai bayarwa Yake so. Kai na biyun kake nema, wato ka ji daɗin a ranka, alhali zuciya ba a ba ta umarni ta ji abu. Na farko da na uku su ne a hannunka: inda ka kai hankalinka, da abin da ka aikata. In ka riƙe waɗannan biyun, na tsakiya yakan biyo baya a hankali.

Babban abin da ke toshe sanin nan shi ne sabo da ni'ima. Duk abin da ya daɗe tare da mutum yakan ɓace wa idonsa. In aka yi kwana uku babu wuta a unguwa, ranar da aka kawo za ka ji ihun yara har ƙarshen layi. In ta yi mako ba a ɗauke ba, babu mai ƙara ambatonta. Kuɗi ma haka suke. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka tarar ba su fi mutanen unguwanninsu da ba su ci komai ba jin daɗin rayuwa wani abin a zo a gani. Ƙananan abubuwa ma, irin su karin kumallo da hira da aboki, sun rage yi musu daɗi. Ga kuma wata ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa: ta fi riƙe asara a kan riba. Mutum tara sun biya ka lakadan, ɗaya ya karɓi turmi biyar bashi ya kashe waya. Da wanne za ka kwana a rai? Halitta ce, tana kuma da amfaninta, ita ke sa ɗan kasuwa taka-tsantsan. Amma in ka bar zuciya da kanta, lissafin da za ta kawo maka da dare na abin da ya ɓaci ne kawai. Ɗaya lissafin sai an zauna an yi shi da gangan.

Ga yadda ake yi. Sami ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ka ware shi don wannan kaɗai, kada ka haɗa da littafin bashi. Kada ka yi a waya, domin kana buɗe ta saƙonni za su ja ka wani wuri. Boko ko ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi; wanda ba ya rubutu ya faɗa da baki yana ƙirgawa da yatsu. Ka jingina aikin da abin da ba ka fashinsa, mafi sauƙi bayan ka dawo daga sallar isha'i, kafin a kawo tuwo ko a kunna talabijin. Minti biyar ya isa. Ka rubuta abu uku da suka faru a ranar, kowanne da gaɓa uku: me ya faru, ta hannun wa ya zo, kuma da bai faru ba me za ka fuskanta.

Sharaɗin da mutane suka fi karyawa shi ne a kama abu takamaimai. "Na gode wa Allah da lafiya da iyali da Musulunci" gaskiya ne, su ne ma manyan ni'imomi, amma in ka rubuta shi yau ka rubuta gobe, jibi ya koma amsar gaisuwa. Gwada irin wannan: "Zazzaɓin autana ya sauka da asuba, uwarsa ce ta kwana tana shafa masa ruwa, da bai sauka ba da a layin asibiti zan wuni, tebur a rufe." Ko kuma: "Ɗan dakon da ya ɗauko mini dila ya ga ta ɓarke a gefe, ya tsaya ya ɗaure kafin ya taho, da bai kula ba da an zare turmi biyu a cunkoso." Lafiyar ce dai da dukiyar, amma yanzu ka san ranar da suka zo da hannun da suka biyo. Sharaɗi na biyu: abin da ka rubuta kada ka maimaita shi cikin makon. Wannan ne ke tilasta wa ido ya fara nema tun da rana, kana kan tebur kana lura da wanda ya yi maka ragi, da wanda ya tsare maka kaya ka je salla. A nan amfanin yake. Littafin dalili ne kawai.

Gaɓa ta uku, ta "da bai faru ba", ita ce mai karya sabo, kada ka tsallake ta. A wani bincike na 2008, Minkyung Koo da abokan aikinta sun sa wasu mutane su rubuta yadda suka haɗu da abokin zamansu, wasu kuma su rubuta yadda da ƙila ba za su taɓa haɗuwa ba. Kashi na biyu su ne suka fi nuna gamsuwa da zamansu bayan rubutun.

Sau nawa? A binciken Martin Seligman da abokansa na 2005, mutane sun rubuta abu uku masu kyau da dalilinsu kowane dare na mako ɗaya, aka kuma ci gaba da ganin tasirin har wata shida, musamman ga waɗanda suka ɗore da kansu. Robert Emmons da Michael McCullough kuwa a 2003 sun sa ɗalibai rubuta abu har biyar sau ɗaya a mako na tsawon mako goma. Waɗanda suka rubuta abin godiya sun fi waɗanda suka rubuta abin takaici kyautata zato ga makon da ke tafe, kuma sun fi su ƙarancin koke-koken ciwon jiki. Sonja Lyubomirsky ta gwada sau ɗaya a mako da sau uku a mako na mako shida, sai masu sau ɗaya ne kawai suka amfana, wataƙila don masu sau uku abin ya zame musu aikin dole. Shawarata: mako na farko kowane dare, don hannu ya saba, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako, misali daren Litinin da daren Juma'a. Ranar da ka ji kana cike layi ne kawai don a ce ka yi, rage. In ka yi fashin mako biyu, ci gaba daga inda kake, babu ramuwa. Ka kuma sani yawancin waɗannan bincike a kan Amurkawa aka yi su, kuma tasirin da aka samu matsakaici ne. Ba zai sauke farashin shinkafa ba. Abin da zai canza shi ne abin da kake kwana da shi a rai.

Akwai ranar da za ka buɗe littafin ka rasa abin rubutawa: ba ciniki, ga mai shago yana neman haya. Ranar nan ka koma ga hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ka ɗauki ukun ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka ko sun tabbata yau, ka rubuta yadda suka tabbata. Haka nan cikin tahmidi 33 na bayan salla, zaɓi salla ɗaya a rana ka rage gudun carbi, ka kawo ni'ima ɗaya a ranka kana faɗa. Ka kuma riƙe addu'ar da Annabi ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal ya riƙa yi bayan kowace salla: Allahumma a'inni ala zikrika wa shukrika wa husni ibadatika. Da godiya abu ce mai zuwa da kanta, da ba a koya wa sahabi neman taimako a kanta ba. (Game da sujadar godiya idan wani babban alheri ya samu: Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin mustahabbi ce, mashhurin zance a Malikiyya kuwa karhanci ne, sun fi son a yi nafila raka'a biyu. Kowanne ka bi kana da magabata, ba abin jayayya a masallaci ba ne.)

Sai maganar abokanka masu gida da mota. Hadisin Muslim ya yi magana kai tsaye: ku dubi wanda yake ƙasa da ku, kada ku dubi wanda yake sama da ku, hakan ya fi dacewa da kada ku raina ni'imar Allah a kanku. A kasuwa irin Kwari wannan yana da wuya, domin na saman yana layi ɗaya da kai, kana ganin dilolinsa suna sauka. Wayar hannu kuma ta ƙara abin: da can motar maƙwabci kaɗai kake gani, yanzu kafin ka yi barci ka ga lefen mutum goma da Umarar mutum biyar a sitatus na WhatsApp da TikTok. Abin yi a nan a fili yake. Mutum uku ko huɗu da ka san sitatus ɗinsu ne ke dagula maka lissafi, ka rufe ganin sitatus ɗin na wata guda. Ba gaba ba ce, ba za su ma sani ba. Rabin awa na ƙarshe kafin barci da rabin awa na farko bayan asuba kada ka taɓa waya.

Wurin da ake kuskure shi ne yadda mutum yake lallashin kansa. Sai ka ji an ce "ai wane bashin banki ne ya yi masa katutu", ko "Allah kaɗai Ya san inda ya samo". Wannan hassada ce ta sauya riga, ba ta kuma kwantar da zuciya, sai dai ta sa ka zauna jiran faɗuwarsa. In ka ga motar ka ce "Allah Ya sanya albarka", ko da a farko bakinka ne kawai ya faɗa. In kuma da gaske kana son sanin yadda ya wuce ka, je ka same shi ka tambaya: wa yake ba shi kaya, kwana nawa ake ɗaga masa, wane irin yadi ne ya fi tafiya a hannunsa, kwastomominsa na Nijar da Chadi ta yaya ya same su. Godiya ba ta hana neman ƙari. Mai godiya ma ya fi iya zuwa ya yi wannan tambayar, tunda ba ya jin zafin mutumin.

Duban na ƙasa shi ma yana da yadda yake lalacewa. Yakan koma raini, mutum ya riƙa jin ya fi wasu. Maganinsa shi ne ka haɗa duban da aiki: sau ɗaya a wata ka je dubiya, Asibitin Murtala ko na ƙashi a Dala, da ɗan abu a hannunka ko da lemo ne. Addu'ar da aka koyar idan an ga wanda aka jarrabta, ta gode wa Allah da Ya ba ka lafiya daga abin da Ya jarrabce shi da shi, malamai sun ce a yi ta a asirce, kada marar lafiyar ya ji. Akwai kuma wani na ƙasa da kai da ka fi kowa saninsa: kai kanka, lokacin kana yaron shago kana jiran a sallame ka da yamma.

Kada kuma a ɗauka ƙorafinka duk ruɗin zuciya ne. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita da na dakon kaya da na cefane suka bi ta. Mai tebur da jarinsa ke sayen dila biyu ya koma ɗaya yana da abin jin zafi. Annabi Yaƙubu ya ce yana kai kukan baƙin cikinsa da damuwarsa ga Allah ne, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 86, kuma babu wanda ya kira shi marar godiya. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da mance alherin da ke nan. A ganina ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ɓata wa mutane godiya a garin nan shi ne yadda ake amfani da "ka gode wa Allah" a rufe bakin mai haƙƙi: ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, yaron shagon da ya shekara bakwai ba a yaye shi ba, matar da ba a ba ta kuɗin cefane. Wanda aka yi wa haka sau da yawa yakan tsani kalmar kanta. Shari'a ba ta ce haka ba. Annabi ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, ya kuma ce mai haƙƙi yana da ta cewa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan kan rowa, Annabi ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Bai ce ta je ta gode ba. Saboda haka ka bi bashinka, ka nemi ragin haya, ka yi lissafin kasuwarka da idon basira, sannan da dare ka buɗe ɗaya littafin.

Yanzu maganar maiɗakinka, kuma ina ganin ta fi ka gaskiya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. A wa'azi an fi jin hadisin da ke gargaɗin mata kan butulce wa miji, shi ma ingantacce ne, amma wancan na farkon bai cire magidanta ba. Abin mamaki, al'adarmu ta godiya tana da tsari mai kyau: a ba ɗan aike tukwici, a koma washegari a yi bangajiya, a ce wa babba "taya ni godiya" don ya ƙara wa maganar nauyi. Duk wannan na waje ake yi wa. Wanda ya ba ka kyautar turare sau ɗaya zai sha godiya har uku, wadda ta dafa maka abinci shekara goma sha biyar ba ta samu ko ɗaya ba, domin abin da ake yi kullum yakan koma kamar haƙƙi. Kunya ma tana ciki. Namiji yana jin in ya yaba za a raina shi, ko abin zai yi banbaraƙwai. Amit Kumar da Nicholas Epley sun gwada wannan a 2018: masu rubuta wasiƙar godiya sun zaci wanda aka rubuta wa zai ji wani iri fiye da yadda ya ji, sun kuma raina irin daɗin da zai ji. Mai godiya yana damuwa da tsarin kalmominsa, wanda ake gode wa niyyar yake ji.

Yabo mai shiga rai yana da gaɓa uku shi ma: ka ambaci abin da ta yi, ka ambaci abin da ya ci mata, ka faɗi abin da ya amfana maka. "Sannu da aiki" yana da kyau amma gaisuwa ce. Ka ce: "Maman Abba, na ga yadda kika ja cefanen nan ya kai mu Juma'a, na san sai da kika haƙura da naki, ya sauke mini nauyi a makon nan da babu ciniki. Allah Ya yi miki albarka." Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, wani lokaci a gaban yara, domin daga nan suke koya. Abu biyu ke ɓata shi. Na ɗaya, ka liƙa masa "amma": miyar ta yi daɗi amma gishiri ya yi yawa. Gyara ya jira wata rana. Na biyu, ka yi yabon a daren da kake da wata buƙata ko kake shirin sanar da ita abin da ba za ta so ba. Daga ranar duk yabonka zai zama abin zargi. Karon farko tana iya yin dariya ko ta ce "yau kuma lafiya?" Kada wannan ya mayar da kai baya.

Batun Yayanka ya fi sauran sarƙaƙiya, domin abu uku ne suka cakuɗe: alherin da ya yi, gorin da yake yi, da matsayin kuɗin kansu. Alherin ya tabbata, gorinsa bai goge shi ba. Teburin da kake ci da iyalinka a kai ta hannunsa ya zo. Gorin kuma laifinsa ne, Suratul Baƙara aya ta 264 ta ce kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba sai ka karanta masa ayar ba. Na ukun shi ne wanda aka fi bari a duhu a tsakanin 'yan'uwa, kuma daga nan yawancin gori yake tsirowa. Jarin nan kyauta ne, ko rance ne, ko kuwa na a juya a raba riba ne, wanda malaman fiƙihu suke kira ƙiradi? Sau da yawa mai bayarwa yana ɗaukar abu ɗaya, mai karɓa yana ɗaukar wani, shekaru suna tafiya babu wanda ya furta. Ka nemi zama da shi, da wani babba da ku biyu kuke jin nauyinsa, kawu ko baffa, a fayyace. In rance ne, a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta wannan surar ta yi umarni, ka yanka abin da za ka iya biya duk wata ko da kaɗan ne, kada kuma ka saɓa. In na raba riba ne, a faɗi kason kowa, a sa lokacin lissafi. In ya ce kyauta ce a gaban shaida, to ta zama kyauta.

Nauyin da kake ji na gode masa nauyin bashi ne, wanda yake sa mutum ya fara kauce wa wanda ya taimake shi, ya daina zuwa gidansa, ya ga kiransa ya ƙi ɗauka. Shi kuma yana ganin haka sai ya ƙara gorin, domin mai gori sau da yawa mutum ne da yake jin an manta da shi. Hadisin Abu Dawud ya ba da mafita: wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku sami abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun saka. Sakayya ba sai ta kai girman jarin ba. Turmin shadda mai kyau da sallah, kai 'ya'yanka su gaishe shi, tsaya masa a hidimarsa in ta taso. Ka kuma je takanas sau ɗaya ka yi masa godiya cikakkiya, da gaɓoɓin nan uku, ka tashi ba ka roƙi komai ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, domin masu hali a Kano sun saba da "na zo godiya ne" da ke ƙarewa da "sai dai kuma Alhaji". In ya sake gorin bayan haka, amsa gajeriya ta isa: "Haka ne Yaya, ban manta ba, Allah Ya saka da alheri." Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya ce wa mai yi masa alheri jazakallahu khairan ya kai matuƙa wajen yabo. Amma godiya ba ta ba shi ikon tsoma baki a cikin gidanka ko wulaƙanta ka a gaban matarka da 'ya'yanka ba. In abin ya kai nan, babban da ya zauna da ku shi zai yi masa magana a keɓe.

Wasu kuma tsoron baki ne ke hana su ambaton alheri, kullum "ai sai a hankali", ko da kasuwa ta yi kyau, har su da kansu su yarda babu abin da ke tafiya daidai. Ƙarshen Suratud Duha ya ce a ba da labarin ni'imar Ubangiji, Annabi Yaƙubu kuma ya hana Yusufu faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa. Ana haɗa biyun ne ta zaɓen wanda za a faɗa wa: littafinka, mahaifiyarka, maiɗakinka, aminin da ka yarda da shi. Ba sai ka sa a Facebook ba.

Godiyar dukiya kuwa tana da lissafi. In kayan teburinka da kuɗin hannunka sun kai nisabi, wato ƙimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, shekara kuma ta zagayo, ɗaya cikin arba'in haƙƙin mabuƙata ne. In ba su kai ba, akwai biyan ɗan dako kafin ya bar wurin, da faɗa wa kwastoma aibin yadi kafin ya biya.

Abu na ƙarshe da ke hana godiya ba na tarbiyya ba ne, na lafiya ne, kuma ana yawan ɗora wa masu shi laifin raunin imani. David Cregg da Jennifer Cheavens sun tattara bincike 27 kan irin wannan rubutu na godiya, suka ga tasirinsa a kan ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin magani ba. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da ka saba jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, barci ya lalace ko kana farkawa tun kafin kiran assalatu ka kasa komawa, cin abinci ya canza, jiki ba ƙarfi, kana ganin kanka ba ka da amfani, to ka ga likita. A wannan hali littafin yana iya ƙara maka nauyi, ka riƙa cewa ga ni'ima ina gani amma na kasa jin komai. Ajiye shi tukuna. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, likitan asibitin unguwarku ma yana iya duba ka ya tura ka. In tunanin cutar da kai ko gajiya da rayuwa ya fara zuwa, kada a jira mako biyun: a faɗa wa wani na kusa, a tafi asibiti a ranar.